Kwamfuta ta ce digiri 50, ma'auni ya ce 41: ina kuskuren yake?

Tambaya daga wani ɗalibin injiniya a Maraɗi: "Assalamu alaikum Malam. Ina shirya kundin kammala karatu a kan na'urar busar da tumatir da zafin rana. Na sa mai walda ya haɗa mini bututun ƙarfe mai faɗin santimita 10 da tsawon mita 3, na shafa masa baƙin fenti, na shimfiɗa shi a rana. Fanka na tura iska ciki da gudun mita 2 a sakan, iskar kuma tana shiga da zafin digiri 35. Na auna jikin bututun na samu digiri 70, na saka wannan adadi a manhajar kwamfuta mai lissafin gudun iska da zafi, sai ta ce iskar za ta fita da digiri 50. Da na auna da hannuna, 41 na samu. Na ƙara yawan raga, wato ƙananan akwatunan da manhajar ke rarraba bututun cikinsu don lissafi, na bar k-epsilon na koma SST, amsar ba ta motsa sosai ba. Wane tsari ya kamata in ɗauka?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Ka daina wahalar da kanka da canja tsari, wato hanyar da manhaja ke ƙiyasta hargitsin iska irin k-epsilon da SST, an bar jaki ana dukan taiki. Manhajarka ta yi aikinta daidai. Abin da ka gaya mata game da bututun ne bai yi daidai da bututun da ke kwance a rana ba, kuma zan nuna maka haka da biro da takarda kawai, don ka iya maimaitawa a gaban malamanka ranar kare kundi.

Mu fara da yawan iskar da ke wucewa. Maraɗi tana ƙasa kaɗan da mita 400 sama da teku, don haka iska mai zafin digiri 35 nauyinta ya kai kusan kilo 1.1 a kowane akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Bakin bututunka murabba'in mita 0.00785 ne. Idan ka ninka waɗannan biyu da gudun mita 2, za ka samu kilo 0.017 na iska a kowane sakan. Ɗaga zafin kilo ɗaya na iska da digiri ɗaya yana cin jul 1,007. Ke nan kowane digiri ɗaya da iskarka ta ƙaru, wat 17 ta sha. Ka riƙe wannan 17 ɗin, za mu dawo kansa.

Sai lambar Reynolds, wadda ke faɗa maka ko iska na tafiya a natse layi-layi ko tana hautsinewa. Osborne Reynolds ya nuna wannan a Manchester ta Ingila a 1883, da ruwa da ɗan rini a cikin bututun gilashi. Nauyi sau gudu sau faɗi, a raba da kaurin iskar, wato yadda take jan jiki wajen gudana. Taka ta kai kusan 11,000. A bututu, ƙasa da 2,300 gudu a natse yake, don haka taka ta shiga hargitsi, ko da yake ba ta yi nisa cikinsa ba.

Daga nan akwai ƙa'idojin da aka samo daga gwaji, tun kafin a san kwamfuta. Ta Dittus da Boelter ta 1930, wadda suka fitar a Kalifoniya suna nazarin lagireton mota, ita ce kowa ya haddace: Nu = 0.023 × Re^0.8 × Pr^0.4 idan ana ɗumama iskar. Re lambar Reynolds ce, Pr kuma lambar Prandtl, mai kwatanta kaurin iska da saurin ratsawar zafi a cikinta, ta iska 0.7 ce. Nu ita ce lambar Nusselt, mai nuna ƙarfin wucewar zafi daga bango zuwa iska, lissafin kuma zai ba ka 35. Ta Gnielinski ta 1976, wadda na fi amincewa da ita a wannan zango domin tana aiki tun daga Reynolds 3,000, tana ba da 33. Ka ninka da ƙarfin iska wajen miƙa zafi, 0.0276, ka raba da faɗin bututu, 0.1, sai ka samu h tsakanin 9 da 10, wato wat 9 zuwa 10 a kowane murabba'in mita a kowane digiri na bambanci tsakanin bango da iska. Fatar cikin bututun gaba ɗaya, wato A, murabba'in mita 0.94 ce. Idan bangon duka yana digiri 70, zafin fita shi ne 70 − 35 × e^(−hA/17.4), kuma wannan ya faɗi a 49. Ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda farkon bututu, inda iska ba ta gama daidaituwa ba kuma zafi ya fi saurin shiga, sai ka iso 50. Ga amsar manhajarka, ba tare da an kunna kwamfuta ba. Shi ya sa ƙarin raga da canjin tsari ba su motsa ta ba.

Yanzu ga tambayar da ya kamata a yi tun farko: daga ina zafin zai fito? Daga 35 zuwa 50 digiri 15 ne, sau 17, kusan wat 260. Rana kuwa, a tsakar rana mai tsabta, ba ta wuce wat 1,000 a murabba'in mita, kuma ba duk jikin bututun take duka ba, inuwarsa kawai take cikawa: mita 0.1 sau mita 3, murabba'in mita 0.3. Iyakarta wat 300. Baƙin fenti ya sha kashi 90 cikin ɗari, saura 270. To bututun da ke digiri 70 a fili, ba gilashi ba rufi, yana zubar da zafi waje ta hanya biyu. Ta hasken zafi marar ganuwa da kowane abu mai zafi ke fitarwa, lissafin Stefan da Boltzmann ya ba da wajen wat 230. Ta iskar waje da ke shafarsa, ko da kaɗawarta kaɗan ce, wajen wat 200. Haɗa duka uku: kana buƙatar kusan wat 690 don bangon ya tsaya a 70, alhali 270 ke shigowa. Da ka rubuta "bango digiri 70" a manhaja, ka ba ta izinin ɗebo zafi daga rumbun da ba shi da ƙasa, ita kuma ba ta tambayar inda aka samo.

Ina kyautata zaton 70 ɗin nan a ƙololuwar bututun ka auna shi, gefen da ke kallon rana, kuma fanka a kashe ko bai daɗe da tashi ba. Bari mu juya lissafin ta hanyar da ta dace. Wat 270 ke shigowa. Kowane digiri da bango ya ɗara iskar waje, yana asarar kusan wat 11.5 zuwa waje, yana ba iskar ciki kusan wat 7. Raba 270 da 18.5, bangon zai tsaya digiri 14 ko 15 sama da 35, a matsakaici wajen 50. Iskar ciki ta samu wat 100, a raba da 17, digiri 6. Talatin da biyar da shida, 41. Ma'auninka ya faɗi gaskiya.

Wannan na nufin sharuɗɗan iyaka, wato abin da ka gaya wa manhaja game da bangon bututu, su ne za ka sake, kuma aikin ya ɗan fi na farko nauyi. Maimakon ka ƙayyade zafin bango, ka saka zafin rana a matsayin wat da ke sauka a rabin saman bututu, ya fi ƙarfi a ƙololuwa ya ragu zuwa sifiri a gefe. A duk jikin waje ka saka asara ta iskar waje da ta hasken zafi, da lambar fitar haske 0.9 ta baƙin fenti. Sannan ka zana kaurin ƙarfen kansa a matsayin wani yanki daban, domin manhajar ta lissafa zafin da ke bin ƙarfe daga sama zuwa ƙasa. Mutane kan ce ai ƙarfe ne, zafinsa ɗaya ko'ina. Gaskiya ne ƙarfe ya fi iska miƙa zafi kusan sau dubu biyu, amma idan kaurinsa milimita 1 ne, hanyar ta yi siriri, kuma daga ƙololuwa zuwa ƙasan bututunka santimita 16 ne. Ƙiyasina da hannu, fanka na aiki, sama zai kai 60 da ɗoriya, ƙasa kuma 40 da ɗan abu. Akwai wani abu kuma da ɗalibai ke yawan kashewa don lissafi ya yi sauri: hasken zafin da saman bututu ke jefa wa ƙasansa ta ciki. Iska ba ta tare shi, domin naitirojin da iskar oksijin ba sa shan irin wannan haske. A bututun ruwa za ka iya mantawa da shi, domin h na ruwa ɗaruruwa ne ko dubbai. A bututun iska, inda h bai wuce 10 ba, hasken zafi kaɗai yana iya kai 6 idan cikin ƙarfen ya yi duhu ko tsatsa, don haka ba abin yarwa ba ne.

Tunda sama da ƙasa sun bambanta, ba za ka iya ci gaba da siririn yanka mai kewaya tsakiya ba, wanda ke ɗauka duk kewayen bututu iri ɗaya ne, idan da shi kake aiki. Ka zana rabin bututu a tsaye, dama ko hagu, ka ce wa manhaja ɗaya rabin madubinsa ne. Wannan ya rage aikin da rabi.

Duk da na ce laifin ba na raga ba ne, kada ka ɗauka ragar ba ta da muhimmanci. A wannan fanni kusan duk rigimar tana faruwa ne a cikin ƴan milimita na kusa da bango. Ludwig Prandtl ne ya fara bayyana wannan siririn shimfiɗi a 1904 a Heidelberg ta Jamus. Iskar da ke manne da ƙarfe ba ta motsi ko kaɗan, ta kusa da ita tana jan jiki, kuma hautsinewar da ke gauraya zafi a tsakiyar bututu ba ta isa wurin. A nan zafi sai dai ya ratsa a hankali, iska kuwa raguwa ce wajen miƙa zafi, ruwa ya ninka ta sama da sau ashirin. Shimfiɗin nan tamkar bargo ne da bututun ya lulluɓa da shi ta ciki. A bututunka, kusan kashi biyu bisa uku na bambancin zafi tsakanin bango da iska yana ƙarewa ne a milimita 4 zuwa 5 na farko, sauran milimita 45 zuwa tsakiya suka raba ragowar. Idan ragarka ba ta ga waɗannan milimita biyar da kyau ba, ko akwatuna miliyan nawa ka zuba a tsakiya, banza ne.

Ma'aunin da ake dubawa shi ne y+, nisan tsakiyar akwatin farko daga bango a ma'aunin da ya dace da gudun. A naka, y+ ɗaya daidai yake da milimita 0.14. Hanya biyu ce. Ko dai ka sa akwatin farko ya zama siriri har y+ ya zo kusa da 1, kauri kamar milimita 0.3, kowane na gaba ya fi na baya da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ka yi aiki da SST wanda Menter ya wallafa a 1994. Ko kuma ka yi aiki da k-epsilon na Launder da Spalding na 1974 tare da ƙa'idar bango, wadda ke tsallake siririn shimfiɗin da wani lissafi da aka riga aka tsara, amma ita sai y+ ya wuce 30. A naka hakan na nufin akwatin farko mai kaurin kusan milimita 9, a bututun da daga bango zuwa tsakiya milimita 50 ne kacal. Akwatuna shida ke nan. Ban ga dalilin haka ba. An yi ƙa'idar bango don manyan bututu masu Reynolds na ɗaruruwan dubbai, inda sauka zuwa y+ ɗaya zai cinye kwamfutar. Kai SST ya fi dacewa da kai. Mafi munin wuri shi ne tsakani, y+ daga 5 zuwa 30 tare da ƙa'idar bango ta asali, kuma nan ne mai "ƙara yawan raga" ba tare da duba y+ ba yake faɗawa, yana zaton gyara yake yi.

Ka kuma san iyakar waɗannan tsare-tsare. Lissafin Navier da Stokes na gudun iska da ruwa, na 1822 da 1845, ya ƙunshi hargitsi duka, amma warware shi kai tsaye har zuwa ƙananan guguwowi yana da tsadar da ke hawa kusan kamar Reynolds sau kansa sau uku, aikin manyan kwamfutocin cibiyoyin bincike ne. Abin da muke yi a kan tebur matsakaici ne, tare da ƙiyasin abin da hargitsi ke ƙarawa. Ɓangaren zafi ma yana rataye ne a kan lamba guda da aka ɗauka tsayayya, lambar Prandtl ta hargitsi, 0.85 ko 0.9 a yawancin manhajoji. A miƙaƙƙen bututu tana yin aiki. Saboda haka idan lambar Nusselt ɗinka ta bambanta da ta Gnielinski da kashi 5 ko 10 cikin ɗari, kada hankalinka ya tashi. Ita kanta Dittus da Boelter tana iya kaucewa gwaji da kashi 25.

Halayen iskar ba za su dame ka a wannan aiki ba. Canjin digiri 15 yana rage nauyinta da kashi 5 cikin ɗari ne kawai, gudun mita 2 kuma ba komai ba ne a kan gudun sauti na kusan mita 350 a sakan, don haka ba ka buƙatar lissafin iska mai matsuwa, wanda sai gudu ya kai kashi uku bisa goma na sauti ake neman sa. Amma ranar da ka koma kan bututun hayaƙin tanda ko na injin, inda bambancin ya kai ɗaruruwan digiri, dole ka bar nauyi ya bi dokar gas, kauri kuma ya bi dokar Sutherland ta 1893. Saɓanin ruwa da mai, gas kauri yake ƙarawa idan ya yi zafi, har ta kai ɗumamawa mai tsanani tana iya kwantar da hargitsi, h ya faɗi ƙasa da abin da ƙa'idoji suka yi alkawari. Hayaƙi kuma, saboda tururi da iskar kabon da ke cikinsa, yana shan hasken zafi yana fitarwa.

Kafin ka yarda da kowane hoto mai ja da shuɗi, ka gwada manhajar a kan abin da aka san amsarsa tabbas. Ka rage gudu har Reynolds ya zama 500, ka kashe tsarin hargitsi da nauyin ƙasa, wato ƙarfin da ke jan abu zuwa ƙasa, ka tsawaita bututun. A can nesa da baki, lambar Nusselt dole ta sauka 3.66 idan zafin bango tsayayye ne, ko 4.36 idan wat ɗin da ke shiga ne tsayayye, lambar gogayya kuma 64 a raba da Reynolds. Waɗannan daga lissafi tsantsa suka fito, tun aikin Graetz a 1883 da na Nusselt a 1910. Idan ba ka same su ba, matsalar tana hannunka, kuma yawanci tana wajen yadda kake fitar da zafin iska. Zafin da ake nufi shi ne wanda za ka samu idan ka tara duk iskar da ta fita ka gauraya ta, don haka matsakaicin dole a auna shi da yawan iskar da ke ratsa kowane akwati. Matsakaicin fili kawai yana ba iskar bakin bango, mai zafi amma mai jan jiki, nauyin da ba ta da shi. Bayan wannan ka yi raga uku, kowace ta fi ta baya laushi da aƙalla kashi 30 cikin ɗari ta kowace fuska, ka nuna a jadawali yadda zafin fita ke daina motsi. Hanyar Roache ta 1994 ta ƙiyasta kuskuren raga ita ce masu duba mujallu suka saba gani. Kada kuma ka dogara da saukar layukan ragowar kuskure kaɗai. Ka sa manhajar ta riƙa rubuta zafin fita a kowane zagaye har ya tsaya cak, sannan ka haɗa wat da suka shiga da waɗanda suka fita, bambancin kada ya kai kashi 1 cikin ɗari.

Wani zai ce, tunda biro ya ba da 41, me za a yi da kwamfuta? A miƙaƙƙen bututu mai santsi, maganar gaskiya, kusan babu. Nakan faɗa wa ɗalibai wannan ko da ba sa son ji. Amfaninta yana farawa ne inda ƙa'idojin littafi suka ƙare: gwiwar bututu, inda iska ke murɗawa gida biyu, akwatin da ke raba iska ga bututu da yawa, inda wani ke samun kaso mai tsoka wani ya tashi da kaɗan, ƴan ƙusoshi ko murɗaɗɗen langa-langa da ake sakawa ciki don yage shimfiɗin bango, da ɗakin busarwar kansa, inda faranti na kusa da ƙofar iska ke bushewa na kusurwa yana ruɓewa. Akwai kuma yanayin da zai same ka tabbas, wato lokacin da fanka ya yi rauni saboda hadari ko ƙura ta rufe farantin sola. A gudun mita 2, ƙoƙarin iska mai zafi na tashi sama bai kai komai ba, lambar Grashof a raba da Reynolds sau kansa kusan 0.01 ce. A gudun mita 0.3, Reynolds ya sauka 1,700, wannan rabo ya haura rabi, kuma dole ka kunna nauyin ƙasa a manhaja. Ko 3.66 ɗin nan ba za ta cece ka a nan ba, domin gudu a natse yana buƙatar kusan mita 6 kafin zafinsa ya daidaita, bututunka kuwa 3 ne. Ga shi kuma ana ɗumama shi daga sama, iska mai zafi ta kwanta a sama abinta ba ta da dalilin sauka. Wannan babi ne mai kyau a kundi, kuma biro ba zai iya shi ba.

Game da na'urar kanta, tunda burinka kauɗa ce mai tsabta ba hoto ba. Busar da tumatir yawanci ana neman iska mai digiri 50 zuwa 60. Ɗaga iskarka da digiri 20 yana cin wat 350, kuma ko na'ura mai kama rabin zafin rana tana buƙatar fili aƙalla murabba'in mita 0.7 da ke kallon rana. Bututu guda mai inuwar 0.3 ba zai kai ka ba ko me ka yi masa. Ƙara gudun fanka ma ba mafita ba ne: ninka gudu yana ƙara h da kashi 74 cikin ɗari, amma iskar da za a ɗumama ta ninka, sai ta fita da ƙarancin zafi, wutar da fanka ke buƙata don tura ta cikin bututun kuma ta hau kusan sau bakwai. Da ni ne, sai in sa mai walda ya yi bututu huɗu masu santimita 5. Bakinsu a haɗe daidai yake da na guda ɗayan nan, gudu bai canja ba, amma fatar da ke taɓa iska ta ninka, inuwarsu ta zama 0.6, h kuma ya ɗan haura 10. Lura Reynolds zai sauka wajen 5,700, inda Dittus da Boelter ba ta aiki, sai Gnielinski. A manna su a kan baƙin kwano mai faɗi, a saka cikin akwati, gilashi a sama, ƙasa da gefe a cusa abin da ke tare zafi. Ɓawon gyaɗa busasshe ba ya wuya a Maraɗi, zai yi don gwaji matuƙar bai jiƙe ba. Wat 11.5 ɗin nan da ke tsiyaya waje a kowane digiri shi ne babban abokin gabarka, gilashi da rufi kuma su ke rage shi. Kada ka manta kakar tumatir a lambunan Jiratawa da gefen Gulbi tana faɗawa cikin hunturu, lokacin da iskar safe ke da sanyi, ƙura na rage rana, iskar gabas kuma tana kaɗawa da ƙarfi tana kwashe zafin duk abin da ba a rufe ba. Lissafin da aka yi da digiri 35 da wat 1,000 na watan Afrilu ne, ka ƙara na Janairu. Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasarmu: Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin makamashin rana na ONERSOL yana ƙera na'urori masu aiki da zafin rana, a zamanin da irin manhajar da ke hannunka ba ta isa teburin kowa ba. Yana da kyau ka nemi ayyukan ofishin don babin tarihi.

Batun manhaja da kwamfuta ba shi da tsawo. Kwafin ɗalibai na Ansys Fluent kyauta ne amma yana da iyakar yawan akwatuna, rabin bututunka zai shiga idan ka miƙar da akwatunan ta tsawo. OpenFOAM a buɗe take ga kowa tun 2004, ba ta da iyaka, sai dai tana son haƙuri da rubutun umarni. Code_Saturne ta kamfanin lantarkin Faransa EDF ita ma kyauta ce. A lissafin tsayayyen yanayi dukansu suna bin tafarkin SIMPLE da Patankar da Spalding suka fitar a Landan a 1972 ko ƴan'uwansa, don haka abin da ka koya a ɗaya zai bi ka zuwa ɗaya. Ka saita ta tana ajiye aiki da kanta bayan kowane zagaye ɗari, ka san halin wuta a bazara.

Idan kana hangen aiki a matatar SORAZ ta Damagaram ko a kan layukan gas irin na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, tunanin ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta. Ba wanda ke yi wa ɗaruruwan kilomita raga. Ana ɗaukar bututun a matsayin layi guda, a saka ƙa'idojin h da na gogayya, a saka zafin ƙasar da aka binne shi, a yi la'akari da cewa gas mai matsi sosai ba ya bin dokar gas mai sauƙi, kuma yana hucewa kusan rabin digiri a duk bar ɗaya na matsi da ya rasa. Raga sai a wuraren wuya, bawul da mahaɗa da na'urar musayar zafi. A can ma, zafin ƙasa da yanayin rufin bututu su suka fi karkatar da amsa.

Kafin ka sake kunna manhajar, ka koma wurin bututun da tsakar rana, fanka ya yi aƙalla minti ashirin yana aiki. Ka auna bango a wuri shida, sama da ƙasa a farko da tsakiya da ƙarshe. Bindigar auna zafi tana faɗin gaskiya a kan baƙin fenti, amma tana ƙarya a kan ƙarfe mai ƙyalli. Ma'aunin iskar fita ka tura shi ciki ka kare shi daga rana da ganin bango mai zafi, ka karanta a sama da tsakiya da ƙasan baki. Ka kuma duba inda ka auna mita 2 ɗin nan: idan a tsakiyar baki ne, matsakaicin gudu kusan kashi 80 cikin ɗari ne na wannan, sai ka gyara 0.017 da 17 da duk abin da ya biyo bayansu. Ka rubuta ranar da lokacin da yanayin sama, idan sashenku a jami'a yana da na'urar auna hasken rana ka aro ta. Ka turo mini waɗannan alƙaluma tare da kaurin ƙarfen da hoton ragarka kusa da bango, mu duba tare.